Ciwon Damuwa a Karkara: Matakan da Mutum Zai Bi Don Ya Farfaɗo

A ƙauyukanmu ba kasafai mai ciwon damuwa ke cewa yana cikin damuwa ba. Abin da za ka ji daga bakinsa shi ne "jikina ya mutu", ko "kaina ya yi nauyi", ko "ƙirjina ke zafi", ko "wani abu ke yi mini yawo a jiki". Sai a tafi kemis a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, a ƙara da na taifot, wani lokaci har a ɗaura masa ruwa. Kuɗi su tafi, shi kuwa yana nan jiya i yau: ya daina fita majalisa, ciyawa ta cinye masa gona, jam'i ma sai ya ga dama. Daga nan surutu ya soma. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce an yi masa sammu, wasu su ce imaninsa ne ya yi rauni.

Ciwo ne kamar hawan jini ko suga, kuma ana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma ya fi kama mata. A wani ƙiyasin da ta fitar a 2017, rabon Najeriya kaɗai ya kai kimanin mutum miliyan 7. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a manyan birane. Mutumin Kafin Hausa ko Ɓagwai ko Sumaila ba zai zauna jiran likita ya zo ƙofar gidansa ba, dole akwai abin da zai fara da hannunsa. Matakan nan na mai ciwon da bai yi tsanani ba ne, wato wanda yake iya tashi, yake ɗan cin abinci, amma rayuwa ta fita daga ransa.

Mataki na farko: ka san abin da ke damunka

Ɓacin rai na kwana biyu ba shi ne ciwo ba. Wanda ya rasa uwa, ko wanda ambaliyar 2022 ta tafi da shinkafarsa a Ringim ko Auyo, dole ya yi baƙin ciki, kuma ba magani yake buƙata ba, jama'a yake buƙata. Ana kiran abin ciwo idan ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan duk yini, mutum yana cikin ƙuncin zuciya ko kuma ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai. Galibi sai wasu alamun su biyo baya: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, musamman farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, abinci ya fita daga rai, kasala ba tare da an yi aikin komai ba, mantuwa da kasa yanke shawara ko kan ƙaramin abu, ganin kai ba shi da amfani, ko ɗora wa kai laifin duk abin da ya lalace a gida. A wajen maza sau da yawa faɗa ne ke fitowa fili, mutumin da aka sani da sanyin hali ya koma yi wa yara tsawa kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kafin ka yanke hukunci, ka je asibitin da ya fi kusa da kai a duba jininka. Ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka da matsalar maƙoƙo duk suna kawo kasala irin wannan, kuma kowanne da maganinsa daban. Idan ka je, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka tsaya kan ciwon kai kawai, ka faɗa wa malamin asibiti cewa ba ka barci, kuma komai ya fita daga ranka.

Mataki na biyu: ka san inda taimakon kai ya tsaya

Na sa wannan da wuri da gangan, domin duk sauran matakan ba su da amfani ga wanda ya kai nan. Idan zuciyarka ta fara raya maka cewa gara mutuwa, ko ka fara tunanin yadda za ka cutar da kanka. Idan ka yi kwanaki ba ka ci ba ka sha. Idan kana jin muryoyin da wasu ba sa ji. To yau ɗin nan za ka faɗa wa wani, ba gobe ba, kuma a kai ka asibiti. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Jigawa akwai asibitin Kazaure, ga kuma babban asibitin tarayya da ke Birnin Kudu. Idan nisa ko kuɗin mota ya hana, babban asibitin ƙaramar hukuma ma ya isa a fara, su za su tura ka gaba. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, amma kada a dogara da ita kaɗai, a tashi ɗan'uwa ko maƙwabci.

Akwai abu ɗaya da ya shafi gidan manomi musamman: maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, kuma akasari a yankunan noma. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya lafa, shi ya sa nisanta abin daga hannu yake ceton rai. Ka kwashe maganin feshi, da na ɓera, da tarin ƙwayoyin da ke ɗaki, ka kai gidan yayanka ko wani aminin da ka yarda da shi, ya kulle, mabuɗi ya zauna a wurinsa. Ba sai ka yi dogon bayani ba. "Yaya, ka ajiye mini waɗannan sai na nema, kwanan nan ba na jin daidai." Ya isa.

Ga 'yan'uwa kuma: tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Yawancinsu sauƙi suke ji da aka samu wanda ya tambaya.

Mataki na uku: ka motsa kafin ka ji son motsawa

Nan ne gundarin aikin, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Mai ciwon damuwa yakan ce, "Bari in ɗan ji ƙarfi sai in koma gona." Ƙarfin ba ya zuwa. Zaman ɗakin ne ma ke ƙara ciwon: ka ƙi fita saboda ba ka jin daɗi, rashin fitar ya raba ka da duk abin da zai sa ka ji daɗi, aiki ya taru, kunyar mutane ta ƙaru, gobe fitar ta fi ta yau wuya. Duk wanda ya yi noman rani a Kura ko fadamun Haɗeja ya san injin ban-ruwa ba ya jan ruwa sai an fara ɗura masa kaɗan da hannu. Haka zuciyar take: aikin ake fara zubawa, sha'awar ta biyo baya. Masana sun gwada wannan hanya. Wani babban bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2016 ya nuna cewa sa mutum ya koma ayyukansa sannu a hankali bisa tsari yana aiki daidai da doguwar jiyyar tattaunawa da ƙwararru ke yi.

Mu kuma muna da abin da ya sauƙaƙa mana tsarin: salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida. Ba ka buƙatar agogo. Ka ɗaura wa kowace salla ƙaramin aiki guda ɗaya, wanda za ka yi da zarar ka sallame, kafin ka koma kan tabarma. A makon farko ma salla biyu kawai za ka zaɓa. Misali, bayan asuba idan gari ya waye, ka zuba wa awaki harawa ka canja musu ruwa. Bayan la'asar ka taka zuwa bakin masallaci ko teburin mai shayi, ka zauna minti goma, ko ba ka ce uffan ba. Shi ke nan aikin ranar. Idan ka ga ya yi ƙanƙanta har ya ba ka kunya, to daidai ne, haka ake so. Wanda ya ce gobe zai nome kadada guda zai kasa, kasawar kuma ta zama sabuwar hujjar da ciwon zai riƙa kafa masa.

Ayyukan da za ka zaɓa su fito daga gida uku. Akwai na dole, kamar wanka, aski, gyaran zanar da iska ta kayar. Akwai na jin daɗi, wato abin da kake so a da: sauraron rediyo, dara a gindin bishiya, kallon ƙwallo, kiwon tantabaru, wasa da jika. Akwai kuma na shiga mutane: gaisuwar mara lafiya, ɗaurin aure, rakiya zuwa kasuwa. Kada na dole su cinye sauran. Mutanenmu sun iya wahala, jin daɗi ne suke ganin kamar ɓata lokaci, alhali a nan shi ma magani ne.

Babban aiki kuwa a gutsuttsura shi. Ba "zan koma gona" ba. Yau ka wasa fartanya kawai. Gobe ka je gonar ka zagaya ka dawo. Jibi ka yi kunya biyu. Idan ka yi biyun ka ji kana iya ƙarawa, ka ƙara ɗaya ka tsaya, ka bar sauran ƙarfin don gobe.

Ka riƙa lissafi, domin ciwon nan yana goge abin kirkin da ka yi daga ƙwaƙwalwarka, ya bar maka wanda ka kasa. Mai rubutu, da boko ko da ajami, ya samu ɗan littafi. Wanda ba ya rubutu ya samu gwangwanin madara, duk aikin da ya cika ya jefa ƙwayar wake ɗaya a ciki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka juye a tafin hannu ka ƙirga. Idan bakwai ne, mako mai zuwa ka nemi tara. Ranar da ka kasa gaba ɗaya, ba a ramuwa kuma ba a zubar da waken baya. Salla ta gaba ka ɗora daga inda ka tsaya. Kada kuma ka sa ran jin daɗi a kwanakin farko. Za ka je majalisa ka dawo ka ce ba abin da ya canja. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa uku ana yi kafin a fara jin bambanci, kuma sau da yawa iyali ne ke riga ka gani.

Tafiyar ƙafa ta shiga cikin lissafin. Abin da ake so ga babba shi ne kimanin minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da zai ɗan ɗaga numfashi. Da damina aikin gona ya wadatar. Da rani ne ake zama, don haka inda ka saba hawa babur, in ba nisa sosai, ka taka.

Mataki na huɗu: barci

Lokacin tashi ne ke gyara barci, ba lokacin kwanciya ba. Ka tashi da asuba kullum ko da daren bai yi kyau ba, ka fito hasken safiya ya taɓa ka, kada ka koma ɗaki mai duhu har hantsi. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kada a yi ta bayan la'asar. Shayi mai kauri, goro da lemon ƙarin kuzari su tsaya daga azahar. Waya ta kwana nesa da shimfiɗa.

Idan ka farka tsakar dare tunani ya taso, kada ka yi ta juyi. Ka tashi zaune, ka ɗora hannu a ciki, ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga uku har cikin ya taso, ka sake shi kana ƙirga uku ko huɗu. Ka yi haka na 'yan mintuna, ko ka ja carbi a natse, sai barci ya fara fizgarka ka kwanta. Ƙwayar barci ta kemis kuwa ka bar ta. Tana sa barci a makon farko, daga baya ta zama ita ce matsalar.

Mataki na biyar: mutum ɗaya

An tarbiyyantar da mu kan haƙuri da rufin asiri, kuma abubuwa ne masu kyau, amma ciwon damuwa yana fakewa a bayansu. Ba a ce ka tara gari ba. Mutum ɗaya za ka nema, mai riƙe magana, mai sauraro fiye da wa'azi. Ba lallai ya zama mafi kusa da kai ba. Wani lokaci kawu ko abokin ƙuruciya ya fi wanda kuke kwana gida ɗaya. Ka guji wanda kowace magana amsarsa "ai kowa da tasa".

Buɗe baki ne mai wuya, don haka ka shirya kalmominka tun daga gida. "Kawu, wata biyu ke nan ba na barci, komai ya fita daga raina, har gona ba na iya zuwa. Ba kuɗi na zo nema ba. So nake ka riƙa biyo mini idan za ka masallaci da la'asar." Lura da ƙarshen maganar: ka ba shi aiki takamaimai. Mutane suna son taimakawa, rashin sanin abin yi ne ke sa su koma nasiha.

Kada a raina wannan. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a Harare a 2006, inda aka koya wa tsofaffin mata sauraro da warware matsala, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama kamar shida. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Kowane ƙauye a ƙasar Kano da Jigawa yana da irin waɗannan tsofaffi.

Mataki na shida: raba tunani da matsala

Saƙa da warwara ita ce abincin wannan ciwo. Mutum ya kwana yana juya magana ɗaya, yana ganin kamar neman mafita yake, alhali zagaye kawai yake yi. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka yi rabin awa kana tunani ba ka fito da abu ɗaya da za ka yi gobe ba, wannan ba neman mafita ba ne. Da ka kama kanka a ciki, ka tashi ka sa hannu a wani aiki, ko ɓarar gyaɗa ce.

Matsalolin gaske kuma a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ka jera su, ka ware waɗanda ba su hannunka, kamar farashin taki ko ruwan sama ko wanda ya riga mu gidan gaskiya. A cikin sauran ka ɗauki guda, kuma ba mafi girma ba. A ce bashin taki ne, ka ci buhu biyu da alkawarin biya da kaka, amfanin bai yi kyau ba, yanzu har hanya kake canjawa don kada ku haɗu da mai shi. Ka zauna da mutumin nan naka ku kawo duk hanyar da ta zo, har da wadda ba ta yi kama da mai yiwuwa ba: a nemi ya ɗaga zuwa girbin rani, a biya kaɗan-kaɗan duk ranar kasuwa, a kai tunkiya ɗaya Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, a yi masa ƙodago a madadin wani kaso, a sa liman ko mai unguwa ya shiga tsakani. Ku zaɓi ɗaya, ku sa rana da lokaci da wanda zai raka ka. Bayan mako ku duba abin da ya faru. Ko bashin bai ragu ba, daina ɓuya kaɗai yana sauke rabin nauyin.

Sai kuma maganganun da zuciya ke faɗa maka: "ba ni da amfani", "na zame wa iyalina kaya", "kowa ya tsane ni". Suna zuwa kamar gaskiya tsantsa, amma alamun ciwon ne. Ka tambayi kanka: da ƙanena ne ya zo mini da wannan halin, haka zan ce masa? Me zan tuna masa da shi na alherin da ya yi? Abin da za ka faɗa masa, kai ma ka cancanci jin sa. Kuma muddin kana cikin wannan hali, ka jinkirta manyan shawarwari. Saki, sayar da gona, barin gari: su jira sai ka warware.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne

Masu cewa mumini ba ya shiga damuwa sun manta Annabi Yaƙub, wanda Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Sun manta shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wadda malaman tarihi ke kira shekarar baƙin ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, a addu'a ɗaya. Ka riƙe wannan addu'ar safe da yamma. Idan ibada ta yi maka nauyi, ka tsare farilla, nafila za ta dawo. Nauyin daga ciwon ne, kada ka mai da shi hujjar cewa Allah ya yi fushi da kai.

Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani ba ta hana zuwa asibiti. Abin gudu shi ne duk wanda zai ce ka zubar da maganin likita, ko ya sa bulala, ko mari, ko hayaƙin da ke shaƙe mutum, ko ya riƙa ambata maka sunan wanda ya yi maka asiri a cikin danginka. Wannan na ƙarshen ya raba zumunci da yawa, kuma ya bar mara lafiya ba kowa a lokacin da ya fi buƙatar mutane. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu irin wannan lalura.

Ƙwaya da abinci

Tiramol, kodin, wiwi da sholisho suna ɗauke damuwa na awa biyu su dawo da ita ninki. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma matasa masu aikin ƙarfi har yanzu suna faɗawa tiramol da sunan ƙarin kuzari. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, ya nemi asibiti su rage masa a hankali. Abinci kuwa, ka ci a kan lokaci ko ba ka jin yunwa, ko koko da ƙosai ne, ko kwaɗon zogale, kuma ka ci cikin mutane.

Ga mata, musamman masu jego

Duk abin da ya gabata naki ne ke ma, sai dai fitar taki ba kamar ta namiji ba ce. Idan kina cikin kulle, tsakar gida ta isa: ki fito hasken safe ki yi shara, ki zagaya, ki koma sana'arki ko rabin abin da kika saba ne, ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko saƙa. Islamiyya, awo da zubin adashi su ne majalisarki, kada ki yanke su. Idan kina ganin maigida ba zai fahimta ba, ki bi ta wajen innarki ko goggonsa ko yayarsa, wadda yake jin nauyinta.

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce, kina jin ba ki damu da jaririn ba ko kina ganin ba ki iya uwa ba, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana samun fiye da mace ɗaya cikin goma. Ba rashin godiyar Allah ba ne. Ki faɗa wa ungozoma ko ma'aikaciyar da ke yi wa jaririn rigakafi. Masu kula da ke a kwanakin arba'in su karɓi jaririn na wasu awanni ki yi barci mai tsawo, wannan ya fi kowane kunun kanwa amfani. Idan kuwa mai jego ta rikice, ta daina barci sam, tana surutai ko ganin abin da babu, asibiti za a nufa a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Wadda ake duka a gida, ba numfashi ko tafiyar ƙafa ne maganinta ba. Iyayenta da waliyyanta su sani.

Idan an yi wata guda ba sauƙi

Ka ba matakan nan mako huɗu zuwa shida. Idan gwangwanin yana cika amma zuciya ba ta motsa ba, ko abin yana ƙaruwa, lokacin likita ya yi, kuma ba kasawarka ba ce. Zuwa Dawanau ko Kazaure ba ya nufin hauka. Yawancin masu zuwa ganin likita suke su karɓi magani su koma gida a ranar. Ka tafi da mutumin nan naka da duk kwalayen magungunan da kake sha. Ka faɗa wa likita idan ka taɓa yin kwanaki kana jin ƙarfi fiye da kima, ba barci, yawan magana da ɓarnar kuɗi, domin wannan wani ciwo ne daban kuma maganinsa daban. Mai ciki ko mai shayarwa ita ma ta faɗa.

Magungunan da aka fi bayarwa, irin su amitriptyline da fluoxetine, ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci shida, alhali bushewar baki, jiri ko tashin zuciya kan riga zuwa a kwanakin farko. A nan mutane da yawa ke yar da su. Ba sa bugarwa kamar tiramol, amma ba a yanke su kwatsam, kuma bayan an warke ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, ko fiye idan likita ya ce. Kada ka saya da kanka a kemis don ka ga an rubuta wa wani. Amitriptyline yana da haɗari idan aka sha fiye da ƙa'ida, don haka a gidan da ke da yara ko mai tunanin cutar da kansa, wani babba ya riƙe, ya riƙa bayar da na kowace rana.

Ciwon yakan dawo wa wasu, kuma kowa da alamar da ke fara zuwa masa: wani farkawar dare, wani ƙin amsa waya, wata barin kitso. Ka gane taka ka faɗa wa mutumin naka tun kana lafiya. Ka kuma lura da lokutan da suka fi matsa maka, ko tsakiyar damina ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko bayan girbi da abokai suka watse cin-rani gari ya yi shiru. Mako biyu kafin lokacin ka ɗauko gwangwanin ka koma ɗaura aiki a kan salla biyu, idan kuma alamun suka kai mako biyu duk da haka, ka koma wurin likitan da ya duba ka da katinka na asibiti.